Adakar Malam Barau Mai Hoto

Bayan an sauko daga Juma'a ne Malam Barau mai hoto ya shigo ofishin 'yan sanda na Birnin Kudu. Hannu ɗaya yana laluben bango, ɗayan ya dafe wata tsohuwar kyamara da ke rataye a wuyansa. Kofur Yunusa da ke kanta ya saurare shi, ya gimtse dariya, sannan ya leƙa ofishin Sufeto Hambali.

"Yallabai, wani tsoho ne, wai an sace masa fim ɗin hoto."

Sufeto Hambali bai yi dariya ba. Ya daɗe a wannan aiki, ya san abin da kofur ke rainawa wani lokacin shi ne duk abin da mai ƙara ya mallaka a duniya. Ya ce a shigo da shi, a ba shi kujera.

"Baba, me aka ɗauka?"

"Wata 'yar adaka ce ta ƙarfe. Fim ne cike da ita."

"Har yanzu akwai mai ɗaukar hoto da fim?"

"Akwai ni."

Ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Tun da waya ta zo, masu hoto suka watse, wasu suka koma acaɓa, wasu cajin waya. Shi ya ƙi. Fim kuwa ya yi wuya. Wani tsohon ɗan kasuwa ne a Kano ke samo shi jefi-jefi daga Ikko, in ya iso sai ya bugo waya, Malam Barau ya kwashe iya ƙarfinsa. Gonar da ya gada a Kiyako ma can ta tafi. Likita ya ce yanar ido na rufe masa gani, shi kuma yana son kafin duhu ya gama zuwa ya ɗauke tsofaffin ƙasar nan, maƙera da masaƙa da masu gina rumbu, daga Wurno har Surko. Zafi na lalata fim, gidansa ba wuta, don haka yake ajiye adakar a firjin wani mai kemis da ke da sola.

"In aka kama ɓarawon zai biya ka," in ji Sufeto. "Sai ka sayi wani."

"Sababbin ba su dame ni ba, ranka ya daɗe. Rabin adakar waɗanda na riga na ɗauka ne, ban wanke ba. Akwai na maiɗakina Kubura a ciki. Bara ta rasu. Duk zamanmu ba ta taɓa yarda na ɗauke ta ba, sai ta rufe fuska. Da ciwon ya yi nauyi ne ta ce in ɗauka, saboda jikoki. Ba ta da wani hoto a duniya sai waɗannan."

"Me ya hana ka wanke su tun bara?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Ruwan wankin ne ya ƙare. Duk lokacin da na sami abin saye, sai mutumin Kano ya bugo ya ce fim ya iso, kuma ba tabbas za a sake samu. Sai in ce bari in sayi fim tukuna, wanki zai jira."

Halin ɗan Adam ke nan. Ya yi ta tara kayan aikin gobe, ya bar aikin jiya a ajiye, kamar an ba shi tabbacin kwanaki. Sufeto ya ji maganar ta zo masa har baki, amma ya haɗiye. Mutumin da ke gabansa ya riga ya faɗa wa kansa fiye da haka.

"Roƙona ɗaya," in ji Malam Barau. "A same su kafin wani ya buɗe. In haske ya taɓa su, shi ke nan, ko wane ne ba zai dawo da su ba."

Shagon kemis ɗin yana bakin titi. Mai shi, Khuzaima, ya tarbe su da gaisuwa mai yawa, irin ta wanda bai so a zo ba.

"Na kulle gaba da baya, yallabai, na tafi masallaci. Ina dawowa na buɗe firji, babu adaka."

Sufeto ya duba kwaɗon gaba, lafiya lau. Ya ja aljihun tebur, cinikin safe na nan. Magunguna masu tsada na jere a kan kanta, ba wanda ya taɓa su. Ya buɗe firjin. Cike yake maƙil da ruwan leda da lemo, tun daga ƙasa har sama, kuma duk sun yi sanyi ƙarara.

"Ina adakar take zama?"

"Nan, a ƙasa."

"Wannan ruwan bayan Juma'a ka zuba?"

"E... a'a, wato..."

"Ruwan da aka zuba ɗazu ba ya yin wannan sanyin. Taɓa ka ji. Malam Khuzaima, in ka sake yi mini ƙarya, a ofis za mu ƙarasa."

Khuzaima ya share gumi. Ya ce kullum in gari ya waye yakan fitar da adakar ya ajiye ta a kan benci a bayan shago, ya cika firjin da ruwan sayarwa, da yamma ya mayar kafin tsohon ya zo dubawa. Ƙofar baya kuwa ba ta da kwaɗo, ƙusa ce kawai ake lanƙwasawa.

"An ba ka amana, ka mayar da ita kan benci saboda ruwan leda."

"Yallabai, ni ban ɗauke ta abin kirki ba. Amma wallahi ban sata ba. Me zan yi da ita? Ku tambayi Yahuza direba, shi ke kawo kayan daga Kano."

Sufeto ya fita yana juya abu ɗaya a ransa. Ɓarawon da ya tsallake kuɗi da magani ya ɗauki adakar fim, ba yunwa ce ta kawo shi ba. Ya san abin da ya zo nema.

A tasha suka sami Yahuza yana ƙara wa motarsa ruwa. Ya rantse cewa lokacin Juma'a yana hanyar Kano, 'yan kamasho kuma suka shaida.

"Wa ka taɓa faɗa wa inda ake ajiye fim ɗin?"

"Ni? Ko mutum ɗaya. Ba ni da surutu, yallabai."

'Yan kamashon suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Kai Yahuza, ji tsoron Allah! Wace rana ce ba ka ba fasinja labarin tsohon da ke sa fim a firji kamar kifi ba?"

Yahuza ya sosa ƙeya. "To, hira ce ta mota. Ai ba sirri ba ne."

"Yaushe rabonka da ɗaukar Malam Barau?"

"Ranar kasuwar Gwaram da ta wuce. Na sauke shi wajen rumfunan riɗi. Wata tsohuwa mai sheƙar riɗi ya je ɗauka hoto a bayan sito-siton nan. Da yamma na dawo da shi."

"Bayan nan akwai wanda ya yi maka tambaya a kansa?"

"Babu. Sai dai surukinsa, Alhaji Munzali, mijin 'yarsa Ummussalma. Shi ma dariya muka yi. Ya ce ashe Baba har yanzu yana wannan wahalar, ina ma yake ajiye su? Na faɗa masa. Amma shi ai ɗan gida ne, kuma babban mutum. Shi ne shugaban dillalan riɗi a can."

Washegari da hantsi Sufeto da Kofur Yunusa suka kama hanyar Gwaram, bayan ya sanar da abokan aikinsa na can. Kaka ta yi, dawa ta fitar da kai, tsuntsaye na ta sauka garke-garke. Sun kusa gari ke nan Sufeto ya hangi wani ƙyalli a gefen hanya.

"Tsaya."

Wata gonar dawa ce. An kafa sanduna a kewaye, an ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan, kuma a jikin igiyar an rataye wasu dogayen zirare masu sheƙi, iska na kaɗa su suna ƙara. Sufeto ya kama ɗaya. Ruwan ƙasa ne, santsi gare shi, gefensa biyu duk 'yan hudoji a jere.

Ya daɗe a tsaye. Rana na dukan gonar daga wannan iyaka zuwa waccan, kuma babu layin da ba a rataye su ba.

"Yallabai," in ji Kofur a hankali, "su ne?"

"Su ne."

Mai gonar, wani magidanci mai suna Zulkifli, ya taho da gudu da ya ga kaki.

"Wallahi tsinta na yi! Jiya da la'asar, a cikin kwazazzabon can, ƙarƙashin kuka. Na gan su a zube kamar hanji. Da can zaren kaset muke sa wa tsuntsu, yanzu kaset ya ɓace. Na ce Allah ne ya kawo mini."

"A cikin me suke?"

Ya kawo wani buhu. Adakar na ciki, da tulin 'yan gwangwanayen fim, wasu an zare su ta baki, wasu an fasa su da filaya. Ko ɗaya ba a bari a rufe ba. Sufeto ya zazzage buhun a kan tafin hannunsa. Riɗi ya zubo, gauraye da wani yashi fari mai laushi.

"Wannan ba ƙasar gona ba ce," in ji Kofur. "Yashin rafi ne, har tankaɗe shi aka yi."

A jikin buhun akwai tambarin shuɗin fenti, irin wanda kowane dillali ke yi wa kayansa.

"Na wane ne wannan tambarin?"

Zulkifli ya kalli ƙasa. "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ka sani."

"Ni talaka ne, yallabai. Riɗina wurinsu nake kaiwa. Ku shiga kasuwa, ba sai na faɗa ba."

Sufeto ya sa aka kwance fim ɗin daga igiya, aka tara a buhun. Yana kallo ana yi, yana tuna tsohon a kan kujera jiya yana roƙon a yi sauri. A daidai lokacin da yake roƙon nan, wani na zaune a ƙarƙashin kuka yana zare su ɗaya bayan ɗaya cikin rana.

Ba su sha wuya ba. Buhunan da ke sito mafi girma a layin riɗi duk shuɗin tambarin nan ne a jikinsu. Alhaji Munzali na zaune a kan darduma a ƙofa, cikin farar shadda, carbi a hannu. Irin mutanen nan ne da ake kira su raba gardama in an yi rikicin awo a kasuwa, su kuma yi wa matasa nasiha a kan cin haram.

"Sannunku da zuwa, yallabai. Lafiya dai?"

"Alhaji, ka ji an yi wa surukinka sata?"

"Na ji, wallahi. Abin ya dame ni. Mutane yanzu ba tsoron Allah."

"Ina ka yi Juma'a jiya?"

"Nan Gwaram, sahun gaba. Kowa ya san wurina."

"Za mu tambayi na sahun gaban." Sufeto ya jefa buhun a gabansa. "Wannan naka ne?"

Munzali ya dube shi, bai taɓa ba. "Tambarina ne. Amma buhuna suna ko'ina, har Kano. Kowa zai iya ɗauka."

"Gaskiya ne." Sufeto ya zauna a kan wani buhu kamar mai hutawa. "Abin da ya sa na zo, kai babba ne a gidan. Tsohon ya ce akwai hotuna masu muhimmanci a ciki. Ina tunanin yadda za a gaya masa."

"Yallabai, kada ka wahalar da kanka. Baba ya tsufa, idonsa ya tafi. Danna abin kawai yake yi. Babu hoto ko ɗaya a jikin fim ɗin nan, duk wayam suke."

"Ya aka yi ka sani?"

Carbin ya tsaya.

"Buhun a ɗaure yake, Alhaji. Ban buɗe maka ba. Ban ma ce maka fim ne a ciki ba."

"Ai... zato na yi."

Sufeto ya miƙe, ya ɗauki ƙarfen nan mai tsini da ake huda buhu da shi a ga kaya. Bai huda sama ba, inda masu saye ke hudawa. Ya shiga can ƙuryar siton, ya soka shi a tsakiyar cikin wani buhu. Riɗi ya tsiyayo a tafinsa, yashi fari na biye da shi. Ya huda na kusa da shi, haka. 'Yan dako da dillalai da suka taru a ƙofa suka matso suna leƙe.

"Ranar kasuwa, me kake yi a bayan siton nan lokacin da surukinka ya ɗaga kyamara?"

Munzali ya dubi taron, ya dubi yashin. Sai ya rage murya.

"Yallabai, mu shiga ciki mu yi magana irin ta manya."

"Nan ma manya ne. Kofur, kawo ankwa."

A Birnin Kudu Munzali ya yi bayani, a ofishin Sufeto, bayan azahar. An kira Malam Barau. Ummussalma ma ta biyo su a motar haya, ta tsaya a jikin bango da mayafi ya rufe rabin fuskarta. Munzali bai yarda ya dubi ɗaya daga cikinsu ba.

"Ina bayan sito ina zuba yashin da kaina, don ba na yarda da 'yan dako. Sai na ji ƙarar kyamara. Na ɗago, na ga Baba, abin na fuskantata. Na kwana ban runtsa ba. Na ce in hoton nan ya fita, na gama yawo a kasuwa."

"Me ya hana ka je ka same shi?"

"Yallabai, surukina ne. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa ce daga nesa, a tsugune. Da wane baki zan ce masa, Baba, me ka gani?"

"Kunya ta hana ka yi masa magana, amma ba ta hana ka shiga ta ƙofar baya ba."

Munzali ya kawar da kai.

"Ci gaba."

"Niyyata in ɗauki nawa kawai, in mayar da sauran. Wallahi niyyata ke nan. Ina yaro na sha ganin masu hoto suna ɗaga fim sama, a ga mutane a jiki, baƙi ya zama fari. Na ce zan duba in gane nawa. Na zare na farko na ɗaga wa rana, ban ga komai ba. Na zare na biyu, haka. Waɗanda bakin fim ɗinsu bai leƙo waje ba na fasa su. Ina ta cewa na gaba ne, na gaba ne, har adakar ta ƙare."

Malam Barau bai motsa ba tun da aka fara. Da ya yi magana, muryarsa ba ta da zafi, kuma hakan ya fi zafin ciwo.

"Wanda ka gani ana ɗagawa, wankakke ne. Wanda ba a wanke ba, hoton na ciki amma ido ba ya ganinsa. Da ka ɗaga shi, ka kashe shi." Ya juya fuskarsa wajen da muryar surukin ke fitowa. "Munzali, ni ban gan ka ba ranar nan. Tsohuwar ma sai da na auna nisanta da ƙafa. Abin da ya wuce ta, dishi-dishi nake gani. Ban san kana wurin ba sai yanzu da ka faɗa."

Ya dafa kyamarar da ke ƙirjinsa.

"Na ranar kasuwa kuma bai shiga adaka ba. Yana nan ciki, ban cinye shi ba."

Munzali ya ɗora kansa a kan gwiwa.

Kafin la'asar wasu dattawa biyu suka iso daga Gwaram, manyan riguna, maganganu masu laushi. Suka ce abin na gida ne, a rufa asiri, a bari a sasanta. Kullum haka ne. In talaka ya saci akuya ba mai zuwa, in mai shadda ya ci amana sai a tuna da zumunci.

Malam Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, saboda yarinyar nan da 'ya'yanta, ni na janye nawa."

"Naka kana da iko da shi, Baba," in ji Sufeto. "Yashin ba naka ba ne. Na duk wanda ya sayi buhu ne ya kai gida. Wannan sai gaban alƙali."

Ya yi wa Kofur alama. Kofur Yunusa ya kama Munzali a hannu ya ɗaga shi. Da suka zo wucewa ta gaban Ummussalma, Munzali ya ɗan tsaya kamar zai ce wani abu. Ta juya fuskarta ga bango. Aka wuce da shi, dattawan na biye suna gyaran riga.

Sufeto ya kwance bakin buhun ya ajiye a gaban tsohon, domin doka ta ce mai kaya ya shaida kayansa. Malam Barau ya zura hannu biyu a ciki. Ya ɗebo fim ɗin a cukurkuɗe, da ƙurar gona da kashin tsuntsu a jiki, ya shiga bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan. Duk iri ɗaya ne.

Ummussalma ta matso ta durƙusa a gefensa.

"Baba, wanne ne na Inna?"

Yatsun tsohon suka tsaya.

"Ban sani ba," ya ce.